Ranar da Malam Ilu Ya Lulluɓe Kwamfuta

A gidan Malam Ilu marini, a lungun da ke bayan marinar Ƙofar Mata, akwai wata tsohuwar kwamfuta mai tari kamar mutum. In an kunna ta sai ta yi gyaran murya sau biyu, ta ɗan yi shiru, sannan ta kama gurnani. Ɗansa Tajuddeen ne ya bar ta da aiki ya kai shi Legas. Wata tsaka mai guntun wutsiya ta mai da bayanta gida saboda ɗumi, Malam Ilu kuwa ya hana a kashe ta, ya ce duk halittar da ta zaɓi zama kusa da abin nan ta san abin da ke ciki.

Abin da ke ciki muryar matarsa ce, 'Yardada. Wata biyu kafin ta rasu, 'yarsu Bilkisu ta zaunar da ita gaban kwamfutar ta ɗauki maganarta, minti arba'in da ɗaya. 'Yardada ita ke ƙulla fararen yadi da zare a cikin gida, shi ya kai rijiyar rini ya rina, in an kwance ƙullin sai zane ya fito. A cikin muryar tana lissafa sunayen ƙullinta ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariya sau biyu, ta kori kaza sau ɗaya. Can wajen ƙarshe sai ta ɗaga murya ta ce, "Malam, kununka zai huce." Saboda wannan kalma Malam Ilu ke zama gaban kwamfutar kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Muryar ba ta ko'ina sai a nan. Sau uku Bilkisu tana roƙon a bar ta ta kwafe ta a filashi, wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino da take yawo da shi a jaka. Sau uku yana hanawa.

"Uwarki ta yi shekara arba'in da huɗu a gidan nan, ko mai tallan manja bai taɓa jin muryarta daga zaure ba. Yanzu da ta kwanta dama za a sa ta a jaka a yi ta zagaya ofisoshi da ita?"

Bilkisu tana aikin buga takardu a wani ofis a wajen ganuwa, takan kuma zo da ragowar aikinta ta ƙarasa a kwamfutar gida. Ta nan ne, in ji ta, cuta ke iya biyowa. Don haka duk wata, in masu kwamfuta suka fitar da sabon gyaran da ke toshe kafofin cuta, sai ta sauke shi a ofis, ta zuba a faifai, ta kawo ranar Asabar. Malam Ilu yana kiran abin rigakafin wata.

Wata Asabar da damina, shekara ta biyar bayan sojoji sun koma bariki, ta zo da hantsi, wuta kuwa tana nan. Ta sa faifan, ta danna nan ta danna can, wani dogon layi fari ya fito a gilashin, ɗan akwati shuɗi ya bayyana a farkonsa.

"Baba, na wannan watan babba ne, zai daɗe. Ni kuma dole in leƙa sunan ƙanwar maigidana a Mandawari, kafin azahar na dawo. Abu biyu kawai. Kada a kashe ta, kada a motsa ta, sai layin nan ya cika."

"In ta mutu kafin ya cika fa?"

"Wani lokaci ba ta sake tashi. Sai an wanke ta gaba ɗaya."

"Har da uwarki?"

Bilkisu ta dubi jakarta. "Filashin yana nan, Baba. Minti biyar ne."

"Na ce a'a. Ki gaishe da mai jego."

Ta tafi. Ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna. Turanci bai iya ba, amma ya iya ƙirga. Akwatunan shuɗin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jera tubali, shuɗinsu kuwa bai kai na rijiya ba, irin na tsomi biyu ne, na mai gaggawa. Ya ƙirga goma sha ɗaya. A nan suka tsaya.

Ya jira. Ya ja carbi ya zagaye, ya sake zagayewa. Goma sha ɗaya.

Sai ɗakin ya fara duhu. Ya leƙa tsakar gida, ya ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya cinye rabin sama. Duk wanda ya zauna a birni ya sani, in hadari ya taso wuta ba ta daɗewa. Ya koma ya kafa wa ƙwan lantarkin da ke rataye ido, kamar mai gadin marar lafiya. Ƙwan ya yi rawa, ya rage haske, ya dawo.

Iska ta buga ƙyaure. Yayyafi ya sauko. Can sai ya ji wani ɗan sauti a bayansa, ɗis. Kusurwar soron da ya yi niyyar yaɓewa tun bazara ta fara yoyo, kuma daidai kan akwatin kwamfutar. Ɗigo na biyu ya sauka, ya gangara ya nufi wasu ƙananan ramuka da ke gefe.

An ce kada a motsa ta. Ba a ce kada a rufe ta ba. Malam Ilu ya yi shekara hamsin yana haɗa rijiyar rini, ya kuma san abu ɗaya da ba ya canzawa: in ka zuba wa rijiya ganyen baba da toka, rufe ta ake yi ruf, a bar ta ta yi ɗumi ta nuna. Rijiyar da aka bari a buɗe ƙarfinta ke tserewa. Ashe shi ya sa layin ya tsaya. An ba abu magani an bar shi tsirara cikin iska.

Ya buɗe adaka ya ɗauko zanen da 'Yardada ta ƙulla na ƙarshe, mai kauri, ya ninka biyu ya lulluɓe akwatin. Ya ɗora bargo a kai. Da ya zagaya baya ya ji wata iska mai ɗumi tana fita ta wani rami, sai ya ce to, ga inda ƙarfin ke zurarewa, ya cusa gefen bargon ya toshe. Tsakar ta fito da gudu ta haye bango. Gilashin kawai ya bari a buɗe.

Ana haka aka yi sallama a zaure. Ashafa ne, taubashinsa, wanda suka yi rini rijiya da rijiya tun suna samari, ruwa ya koro shi daga marina.

"Wa ya rasu aka lulluɓe?" in ji Ashafa yana karkaɗe hula.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Magani take sha."

"Ita ma tsufan ne? Ai na ce maka ka haɗa ta da tsohuwar akuyarka ka sayar, ka huta." Ya matso ya ɗora tafin hannu a kan bargon, ya ɗauke da sauri. "Ilu, wannan zazzaɓi take."

"Kai da rijiyarka ba ta taɓa kamawa a kwana bakwai ba, me ka sani game da ɗumi? Duba can."

Akwati na goma sha biyu ya fito. Na sha uku ya biyo shi, har da na sha huɗu. Malam Ilu ya dubi Ashafa ya gyara zama, don abin ya faɗi kansa.

Amma gurnanin ya sauya. Ya tashi daga ƙasa ya koma sama, siriri, kamar kukan sauro a cikin tulu. Wani wari ya biyo baya, irin na roba da ta kusanci murhu.

"Cire bargon nan," in ji Ashafa, ba wasa a muryarsa yanzu.

"In na cire ruwa ya shiga."

"To ka tara kwano mana."

Malam Ilu ya waiwaya. Kwano. Ga kwanon sha nan a bakin randa tun safe. Ya yunƙura zai tashi ke nan, kwamfutar ta yi ƙara ɗaya doguwa, gilashin ya yi baƙi, kukan ya yanke.

Su biyu suka ɗaga kai tare suka dubi ƙwan lantarki. Yana nan yana ci.

Da wutar ce ta tafi, da Malam Ilu ya sami wanda zai ɗora wa laifi. Ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba. Ruwa yana ɗiga a kan bargon, ɗis, ɗis. Ya nemi kalmar nan a cikin kansa, ta kunu, ya ji ta, amma da muryarsa take fitowa, ba da tata ba.

A haka Bilkisu ta same su, mayafinta sharkaf. Ta dubi bargon, ta dubi baƙin gilashin, ta dubi mahaifinta. Ta yaye bargon, ta yaye zanen, da ta gane zanen sai hannunta ya tsaya kaɗan kafin ta ajiye shi a kan gado.

"Baba, ta ramin nan take numfashi."

"Na toshe," ya ce.

"Kawu Ashafa, riƙe kwanon can a sama, don Allah. Baba, ga mafici."

Ashafa ya tsaya da kwano a kan akwatin kamar mai riƙe wa ango laima. Malam Ilu ya durƙusa yana fifita. Ƙarfen ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Aka yi tsawa, ƙwan ya koma ja kamar garwashi, ya daɗe a haka kafin ya farfaɗo.

"Kunna ta mana kafin su ɗauke," in ji Ashafa.

"In na kunna da zafinta za ta sake mutuwa."

"In kin jira kuma?"

"Shi ne ban sani ba, Kawu."

Ta riƙa taɓa ƙarfen da bayan hannu. Malam Ilu ya ci gaba da fifita har kafaɗarsa ta ƙage, bai sauya hannu ba. Da aka fara kiran azahar a masallacin unguwa, ta ce bismillahi ta danna.

Tari ɗaya. Tari biyu. Farin rubutu ya zubo a kan baƙin gilashi, ya tsaya, ya ɓace. Shiru.

Ta sake dannawa, wannan karon tana bugun wani maɓalli ɗaya a saman madannai, tana bugu tana bugu kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka yi barci. Rubutu ya fito, ta zaɓi wani layi. Aka daɗe. Sannan gilashin ya waye, amma ba yadda aka saba ba: komai ya yi girma ya yi muni, gefe duk baƙi.

"Ta tashi da ƙafa ɗaya," in ji Bilkisu. "A haka ba ta magana, ba za a ji sauti ba. Amma ga ta nan." Ta nuna wani ɗan hoto da aka rubuta INNA a ƙarƙashinsa. Wannan kalma Malam Ilu ya san ta ko a mafarki. "Rigakafin ya karye a tsakiya, Baba. In ta sake mutuwa, ban yi maka alkawarin za ta tashi ba."

Ba ta ambaci filashin ba. Jakar tana kan cinyarta, hannunta a kai. Ƙwan ya sake rawa.

Malam Ilu ya dubi zanen da ke kan gado, jiƙaƙƙe, yana warin roba. Shi ya rufe ta da hannunsa don kada komai ya same ta.

"Ɗauko ta," ya ce. "Fito da ita."

Bilkisu ta durƙusa ta soka filashin a baya. Wani ƙaramin akwati ya buɗe a gilashin, ga wasu 'yan takardu suna tashi daga wannan jaka suna faɗawa waccan, ɗaya bayan ɗaya, kamar tattabarun da ke sauya ɗaki. Ko a cikin wannan hali sai da abin ya ba Malam Ilu mamaki. Bai daina fifita ba. Ruwan kwanon Ashafa ya kusa cika, bai ce a karɓe shi ba.

"Saura nawa?" in ji Malam Ilu.

"Ta ce minti biyu."

Bayan an jima ya sake tambaya.

"Yanzu ta ce uku."

"Ita ma ta koyi alkawarin 'yan siyasa," in ji Ashafa a hankali. Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Takarda ta tashi, ta sauka. Wata ta tashi. Akwatin ya rufe kansa. Bilkisu ta buɗe filashin ta duba, ta ga INNA, ta zare shi. Ba ta gama miƙewa ba aka yi wata tsawa, ƙwan ya mutu, gilashin ya bi shi. Ɗakin ya rage sai ƙarar ruwa a indararo.

Ta sa abin a tafin hannun mahaifinta. Ya juya shi, ya auna nauyinsa. Minti arba'in da ɗaya, da dariya biyu, da kaza, duk ba su kai nauyin goro ɗaya ba.

"A ina za a ji?"

"Sai a ofis, ranar Litinin."

"Akwai maza?"

"Mutum huɗu."

Malam Ilu ya juya wajen gado. Ya jawo zanen, ya sa filashin a gefen da bai jiƙe ba, ya naɗe, ya ƙulle da irin ƙullin da ya ga tana yi shekara da shekaru, ko da yake nasa ya karkace.

"Ƙarfe nawa suke zuwa?"

"Takwas."

"To mu je bakwai."

Ashafa ya sauke kwanon, ya zubar a tsakar gida, yana murza kafaɗa. "Ni fa? Shekara arba'in ina rina ƙullin baiwar Allah nan in naka ya yi maka yawa, ban taɓa jin ko tarinta ba."

"Ka zo," in ji Malam Ilu. "Ka tsaya a bakin ƙofa ka tare mana mutane."