Kwali Ɗaya, Makarantu Uku

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta na 1998, tun asuba ake marka a Tsafe, irin ruwan nan da ba ya sauka ya huta, ba ya kuma ɗaukewa a shanya kaya. Malam Arzika na tsaye a bakin titin Gusau da lemarsa mai karyayyen ƙarfe, yana leƙa duk bas ɗin da ta tsaya. Ba mutum yake jira ba, kwali yake jira.

Tun da aka ba Zamfara jiha, ma'aikata suka cika gari, makarantun renon yara suka yi ta tsirowa kamar tafasa a bayan gida. Duk mai zauren da ba ya amfani da shi sai ya shafa masa shuɗin fenti, ya kafa allo, ya zama mai makaranta. Malam Arzika a da taki yake sayarwa. Ya gwada kiwon kaji, suka mutu cikin mako guda kamar sun yi shawara. Daga nan ya share shagon takin, ya raba shi biyu da katako, ya sa aka rubuta a ƙofa: Hasken Gobe, Ilimi da Tarbiyya. Warin taki bai gama fita ba ya tara yara talatin da wani abu. Malama ɗaya ce, Anti Hajara, ƙanwar matarsa. Kayan koyarwa kuwa allo ne da alli da tsumagiya.

Ta wajen ilimi dai a bar maganar. Amma tarbiyya, nan Malam Arzika ya fi ƙarfi. Kullum da safe sai ya jera yaran ya riƙe ƙuli-ƙuli guda ɗaya, ya ce, "Idan babba ya ba ka abu, yaya za ka yi?" Su amsa gaba ɗaya: a karɓa da hannu biyu, a durƙusa, a ce an gode, a kai gida a nuna wa Inna don ita ma ta yi godiya. Bayan sun faɗa sai ya cinye ƙuli-ƙulin. Wannan darasi ko cikin barci aka tashe su za su kawo shi.

Ana nan sai labari ya zo daga Gusau cewa za a zagayo duba makarantu. Duk wadda ba ta da kayan koyarwa da na wasan yara ba za a ba ta takardar izini ba, wadda ba ta da takarda kuma kwaɗo za a sa mata. Malam Arzika ya yi lissafi ya ga in aka rufe Hasken Gobe babu abin da ya rage masa sai lema.

Ba shi kaɗai ne cikin wannan hali ba. Akwai Hajiya Wasila mai makaranta a Gusau, akwai Alhaji Manu mai tasa a Bungudu. Alhaji Manu ne ya kawo dabarar. Ya ce, "Mai dubawar nan mace ɗaya ce. Litinin tana Gusau, Talata tana wajena, Laraba tana Tsafe. Ba ta iya zama gari uku rana ɗaya. To mi zai sa mu sayi kaya kashi uku?" Suka haɗa hannu aka aika Kano, aka sayo kwali ɗaya: tubalan katako masu haruffa, allon ƙirga mai duwatsu a jikin waya, agogon katako, ƙwallon taswirar duniya, fensiran launi, 'yan tsana, da dabbobin roba, cikinsu har da wata koriyar giwa da ta zo da kunne ɗaya. Sharaɗi guda suka yi, Hajiya Wasila ce ta kafa shi: kada yaro ya taɓa. "Yara ɓarna gare su," in ji ta. "Kayan koyarwa ba abin wasa ba ne."

Can wajen hantsi bas ta tsaya, yaron mota ya sauko da kwalin daga cinyarsa, gindin ya jiƙe. Ya ce, "Alhaji Manu ya ce a gaya maka ka kwantar da hankalinka. Mai dubawar kallo kawai ta yi ta tafi. Hajiya Wasila kuma ta ce ta san adadin kowane abu, ko tubali ɗaya ya ɓace kai da ita ne."

Malam Arzika ya rungumi kwalin kamar jariri, ya hau kabu-kabu, ya lulluɓe shi da babbar rigarsa, shi ya jiƙe.

A makaranta an riga an shimfiɗa mayafin matarsa a kan tebur. Mako guda ya yi yana horar da yaran a gaban teburin nan tun yana wayam: a tsaya nesa, hannu a baya, ido kawai. Yanzu da aka jera kayan, yaran suka yi tsit. Wasu bakinsu a buɗe. Wata yarinya mai suna Mansura ta matso taku ɗaya, Malam Arzika ya ɗaga tsumagiya.

"Na wa na ce ne?"

"Na baƙuwa," suka amsa.

"Madalla. Anti, yau komai kan lokaci. Da tara ta yi, ki kaɗa ƙararrawa, kada a ce ba mu san tsari ba."

Ba a jima ba wata tsohuwar fijo ta tsaya a ƙofa. Hajiya Ma'u ce ta fito, mai duba makarantun, dattijuwa gajera mai tabarau, wadda ta yi shekara da shekaru tana koyar da 'yan aji ɗaya kafin a mai da ita ofis. Ta kakkaɓe ruwa daga gyalenta, ta shaƙi iskar ɗakin, ta dubi rufi. Ta nufi tebur kai tsaye, ta ɗauki giwar nan, ta juya ta.

"Sannu da hanya," ta ce a hankali.

"Ai ke za a yi wa sannu da hanya, ranki ya daɗe," in ji Malam Arzika.

"Haka ne. Malam, kayan nan yara na aiki da su?"

"Kullum, Hajiya. Har sun gaji da su."

"Na ga alama. Ko datti babu. To me ya sa hannunsu ke baya kamar waɗanda aka kamo?"

"Tarbiyya ce, ranki ya daɗe."

Ta zauna a kan ɗan bencin yara, ta yafito Mansura. "Zo, 'yar nan. Ɗauko allon can ki ƙirga mini duwatsu biyar."

Mansura ta dubi allon, ta dubi tsumagiya, ta girgiza kai.

"Me ya sa?"

"Malam ya ce na baƙuwa ne."

Malam Arzika ya yi wata dariya da ba ta da gindi, ya buɗe baki zai yi bayani. Hajiya Ma'u ta riga shi. "Wace ce baƙuwar?"

"Ke."

"To, tunda nawa ne, ungo."

Mansura ta sa hannu biyu ta karɓa, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Na gode." Hajiya Ma'u ta ce kai, lallai akwai tarbiyya a makarantar nan. Ta miƙe ta shiga rabo da hannunta. Wannan ta ba shi raƙumi, wancan agogo, wancan tubala cike da tafi, wani ƙato mai majina ta ɗora masa duniya gaba ɗaya. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa, ya gode. Ɗakin ya kaure. Wani yana sa zaki ya ci akuya, wata tana goya 'yar tsana da ɗankwalinta, wani ya ɗanɗani jan fensir ya tofar. Malam Arzika yana murmushi, zufa na bin bayansa duk da sanyin marka. A ransa yana cewa ba komai, ta tafi in tattara abina.

"Mu je ka nuna mini makewayin yara," in ji Hajiya Ma'u.

Suna bayan shago, tana tambayarsa me ya sa ramin ba shi da murfi, yana cewa kafinta ne ya yaudare shi, sai ya ji Anti Hajara ta doki tsohon wilin mota da suke kira ƙararrawa. Tara ta yi, kan lokaci kamar yadda ya umarta. Yaran Hasken Gobe kuwa gida suke zuwa karin kumallo. Ya ji ƙafafu na fita a guje cikin taɓo. Ya yi kamar zai bi su.

"Malam, ban gama ba. Ina suke wanke hannu?"

Ya tsaya ya nuna mata buta. Ta duba butar ciki da waje, ta tambayi sabulu, ta tambayi inda ake zuba shara, ta ba shi labarin wata makaranta da ta taɓa gani a Talata Mafara. Ko da suka dawo aji, tebur ya koma yadda yaran suka san shi, mayafi kawai.

"Hajara, ina kaya?" ya tambaya da raɗa.

"Sun kai wa Innarsu. Ba kai ka koya musu ba, Yaya?"

Sai aka fara sallama a ƙofa. Baba Mamman ne, kakan Mansura, da ƙwan zabi cikin ƙwarya. Bayansa ga wasu dattawa, ga 'yan aike daga matan unguwa da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Baba Mamman ya cire takalmi ya gaida Hajiya Ma'u.

"Hajiya, mun ga abin arziki. Tun da munka zo duniya ba mu taɓa ganin an ba ɗiyanmu irin wanga kaya ba. Allah shi saka da alheri."

"Baba, ba ni za ku gode wa ba," in ji ta. "Ga mai kaya nan. Malam Arzika ne ya saya, ya ce yaran har sun gaji da su a makaranta."

Dattawa suka juyo kansa gaba ɗaya. Aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a mai tsawo, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya ba unguwa irinsa goma. Malam Arzika ya tsaya da tafin hannu a sama yana auna zance. In ya ce kayan ba nasa ba ne shi kaɗai, takarda ta tafi. In ya ce nasa ne a dawo da su, ya zama mutumin da ya yi kyauta a gaban baƙuwa ya bi ta gida-gida. Ya shafa, ya ce amin.

Da ya raka ta mota, ta tsaya da ƙwaryar ƙwai a hannu.

"Giwar nan mai kunne ɗaya," ta ce, "ranar Litinin mun gaisa a Gusau, jiya a Bungudu. Na ga tafiya ta yi mata yawa, gara ta zauna wuri ɗaya."

"Ranki ya daɗe, ai kamfani ɗaya ke yin su..."

"Da kunne ɗaya duka? To. Zan dawo, ba zan faɗi rana ba. Ranar da na tarar da kaya a aji, a hannun yara, takarda za ta fito. Ka gaya wa abokanka, su ma haka."

Bayan azahar Malam Arzika ya ajiye kunya ya shiga unguwa da kwalinsa. Ba ya cewa a dawo da kaya, sai ya ce za a yi musu rajista ne. Gidan farko ya tarar an tsinke wayar allon ƙirga, duwatsun suna wuyan ƙanwar Mansura, kakarta na cewa ko a kasuwar Gusau ba ta ga tsakiya mai kyansu ba. Mansura kuwa tana nuna su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, har ta kai bakwai, abin da ba ta taɓa yi ba a Hasken Gobe. A fili ya iske samari sun raba gida biyu suna buga duniya, an riga an lotsa ta ta wajen Turai. Agogon katako yana rataye a zauren wani mai gyaran keke, an tsayar da shi kan ƙarfe huɗu don tunawa da la'asar. Tubala biyu suna ƙarƙashin ƙafar wani gado mai gurgunta. Giwa kuwa yaron da aka ba ya shige ƙarƙashin rumbu da ita, uwar ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Malam, in kana iya fiddo shi, bismilla."

Duk gidan da ya shiga sai an ba shi ruwa an sake yi masa godiya.

Washegari ya kai kwalin Gusau, inda abokan nasa biyu ke jiransa. Hajiya Wasila ta buɗe, ta daɗe tana kallon ciki, ta ce, "Arzika, kaji ma da ka kashe sun fi wannan yawa." Alhaji Manu, mai dabara, ya ce shi dama tun farko hankalinsa bai kwanta da tsarin ba. Aka tashi ba sallama. Babu wanda ya yarda a sake haɗa hannu, babu kuma wanda ya yarda ya saya shi kaɗai.

Hajiya Ma'u ta cika alkawari. Ta dawo wata Alhamis ana gab da girbin gero, ta tarar da allo da alli da tsumagiya, yara sun jeru hannu a baya. Ta gaishe su, suka durƙusa suka amsa da kyau. Kafin mako ya zagayo an sa kwaɗo, haka ma a Gusau da Bungudu. Da bazara Malam Arzika ya cire katakon da ya raba shagon, ya koma sayar da taki, allon Ilimi da Tarbiyya yana nan a ƙofa don bai sami tsani ba.

Abin da ya koma cikin kwali: tubala huɗu, akuyar roba ba kai, da guntun jan fensir mai shaidar haƙori. Abin da ya tafi: tubala ashirin da biyu, allon ƙirga ɗaya, agogo ɗaya, 'yan tsana uku, dabbobi tara har da giwa, duniya ɗaya, abokai biyu, da makarantu uku.