Ɗanɗanon Rumfar Malam Muntaka

Ranar da Malam Muntaka ya ce zai rufe rumfar kilishinsa, 'yarsa Karimatu tana tankaɗe garin ƙuli-ƙuli ne, saura ƙiris rariyar ta suɓuce mata.

"Da ruwan farko zan tattara, Uwata," in ji shi. Haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Mu koma Tuboro wajen baffanki Sulaimanu, mu noma auduga. Kilishi sai da matafiya, matafiya kuwa sun ɗauke ƙafa."

Gaskiya ya faɗa. Tun da hanyar arewa ta daina zama lafiya, direbobin Kusiri da fataken Mayo-Oulo da ke cika gaban rumfar suka zama sai jefi-jefi. Amma fa wannan rumfa ba ta jiya ba ce. Kakan Karimatu, Alhaji Wada, shi ya kafa ta a bakin babbar kasuwar Garwa, bayan ya sauko daga Kano da wuƙa ɗaya da bakin zance. Yanzu a ce a rufe? Abin ya yi wa Karimatu ciwo har cikin ranta, ta kasa cin tuwon rana.

Washegari ta kai kukanta wajen ƙawarta Émilienne, wadda suka yi lise, wato sakandare, tare, yanzu kuma take da shagon buga takardu da fotokofi. Émilienne ta gama sauraro, ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta jawo wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen murfi.

"Ma sœur, 'yar'uwata, in masu saye ba su zo ba, ke ki je musu. Ki yi wa Baba shafi a intanet."

"Ni? Na iya ne?"

"Wa aka haifa da iyawa? Darussa na nan birjik da Faransanci, kyauta. Ni dai haƙuri ne ba ni da shi. Ke kuwa mai iya zama ta yanka nama falle-falle tun asuba har hantsi, me zai gagare ki?"

To, haka aka fara. Kullum in an gama shanya nama da hantsi, sai Karimatu ta wanke hannu ta zauna a inuwar rumfa, ta haɗa kwamfutar da wayarta, ta kalli darasi, ta tsayar, ta kwafa. Abin da ta fara koya sunansa HTML, wato rubutun da ke gaya wa shafi nan kai ne, nan hoto ne, nan bayani ne. Kowane abu yana da alamar buɗewa da ta rufewa. Ran nan ta buɗe ta babban rubutu ta manta ba ta rufe ba, sai ga shafin gaba ɗaya ya kumbura, kowane harafi ya yi ƙato kamar kan bijimi. Ta yi sa'a biyu tana nema, gumi har gadon baya, ga zafin Garwa da ba ya jin bari.

Malam Muntaka ya leƙo yana goge wuƙa. Da ta yi masa bayani, sai ya ce, "Ashe garke ne. Wanda ya buɗe ya manta bai rufe ba, ai sai ya bi shanu daji." Ya yi gaba abinsa yana dariya. Shi a ganinsa wasan yara ne, amma tunda Uwata ce, ba ya hanawa.

Cikin mako uku shafi ya yi kyau. Ta koyi sa launi, ta zaɓi ja irin na kilishin da ya sha yaji. Ta ɗauki hoton naman a shanye, da na kwanon labu, wannan haɗin gyaɗa da kayan yaji da ake tsoma kilishi a ciki, da na babanta yana murtuke fuska don ba ya son hoto. Murna ta ɗebe ta, ta kwafi adireshin da ke saman allon ta aika wa gwaggonta Hindu a Duwala.

Ba a jima ba Gwaggo ta kira. "Ke Karimatu, me kika turo min? Na danna har yatsana ya gaji, ba komai."

"Gwaggo, ga shi nan ina gani!"

"To ke kaɗai kike gani, 'yar nan."

Émilienne ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe shafin yana cikin kwamfutar Karimatu ne kawai, bai fita ko ƙofa ba. Ta gyara rumfa tsaf a tsakar ɗaki, tana jiran 'yan kasuwa! Sai da ta ƙara kwana huɗu tana koyon yadda ake ɗora shafi inda kowa zai gani, wuta na ɗaukewa tana dawowa, kafin Gwaggo Hindu ta kira tana guɗa: "Na ga Yaya! Wallahi na gan shi, har da ɓacin ransa!"

Gwaggo ta watsa wa ƙawayenta, Émilienne ta watsa wa nata. Mako guda ya wuce, ko mutum ɗaya bai nemi kilishi ba. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Malam Muntaka ya sayo buhuna ya fara ɗaure kaya. Karimatu ta ji tsoro na gaske.

Rannan ya ce ta karanta masa abin da ta rubuta. Ta karanta: sunan rumfa, irin kilishi, lambar waya. Ya girgiza kai.

"Shi ke nan? Ba sallama, ba sannu da zuwa? Uwata, ko ni na zo wannan rumfa wucewa zan yi. Me nake cewa in mutum ya gifta?"

Wa bai sani ba? Duk kasuwar ta haddace, har da gaisuwar Fillancin da yake farawa da ita. "Jam na, baƙo! Tsaya ka ɗanɗana, ɗanɗano ba ciniki ba ne." Haka Alhaji Wada yake kira, haka ɗansa ya gada, kuma ba a taɓa maganar saye da kowa ba sai ya tauna tukuna.

Karimatu ta rubuta kiran nan a saman shafin, da Hausa da Faransanci, baƙi da baƙi yadda yake faɗa. A ƙasansa ta sa wurin da mutum zai rubuta sunansa da garinsa, don sabon darasin da ta koya ke nan, hannunta na ƙaiƙayi. Ita dai ado ta ɗauke shi.

Kwana biyu, ta buɗe saƙonni ta ga abin da ya sa ta zauna daɓas a kan turmi. Mutum arba'in da bakwai! Daga Duwala, daga Yawunde, daga Ngaundare, har da wani mai kamun kifi a Tibati. Kuma ba mai cewa zai saya. Kowa ɗanɗano yake jira, tunda an ce ya tsaya ya ɗanɗana.

"Na shiga uku, Baba! Na jawo maka. Bari in goge layin nan yanzu-yanzu."

"Kul!" Ya riƙe mata hannu. "Kiran wa kika rubuta?"

"Naka."

"Suka amsa?"

"Sun amsa."

"To mutum ya tsaya a rumfata in ce masa wasa nake yi? Kakanki ko a shekarar yunwa bai hana ɗanɗano ba. Kawo takarda."

Kai, ranar an ga aiki. Ya zaɓi mafi kyawun kilishin da ke rumfar, ya yayyanka kamar tafin hannu, Karimatu na naɗewa tana rubuta suna da lambar waya, tana ganin ƙarshen jarin ne ake rabawa kyauta. Suka ɗora a babur suka nufi ajans, inda manyan motocin kudu ke lodi. Direbobin duk sun san Malam Muntaka, rabinsu ma da kilishinsa suka koyi tuƙi. Kowa ya karɓi ƙunshin garin da zai bi, bayan shi ma an ba shi nasa ɗanɗanon, don ba a aiken direba da baki a bushe.

Kwana uku shiru. A na huɗu aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, Karimatu ta ji kamar ta yi kuka. Tana kwashe naman shanya da gudu sai wayarta ta yi ƙara. Wata mata ce, Madam Delphine, mai gidan abinci a Yawunde. Ta ce ɗanɗanon nan ya haɗa ta faɗa da mijinta, don ta bar masa ya cinye bai rage mata ba sai ɗan gefe. Tana son a riƙa aiko mata kowane mako. Kafin la'asar mutum tara suka kira. Mai kifin Tibati ya ce shi a ba shi na bikin ƙanensa, kuma zai aiko da banda a motar gobe, don shi ma a ɗanɗana nasa.

Malam Muntaka ya tashi ya kwance buhun farko da ya ɗaure, ya fito da wuƙaƙensa ya jera su a inda suke tun zamanin mahaifinsa. Sannan ya kira Tuboro.

"Sulaimanu, ka nemi wani ya riƙe maka fartanya. Uwata ta hana ni tafiya."

Da ya ajiye wayar, ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya jawo kujera kusa da 'yarsa.

"Akwai gyara a rumfar nan taki. Kin sa sunana, ba ki sa na mai ita ba. Nuna min inda ake dannawa."

Ta nuna masa. Da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ya rubuta Alhaji Wada. Karimatu na kallo, hawaye na zuba, tana dariya. Ya ɗago ya dube ta.

"To, na buɗe. Ina alamar rufewar?"

Ta share ido ta kama yatsansa ta kai shi wurin. "Ga ta nan, Baba. Ita kaɗai za mu rufe."