Ƙodar Afrakoma

Afrakoma mai sayar da atamfa ce a kasuwar Kejetia, nan Kumasi. Da ƙodojin yayanta Boakye suka gaza aiki, ba ta tsaya dogon shawara ba, ta bi shi Accra aka cire tata ɗaya aka dasa masa. Ya warke sarai, har ya yi tumbi, ya koma aikinsa na dillancin inshora.

Bayan ta haifi tagwaye sai ta ga ya kamata ta yi inshorar rai, ko ta-Allah za ta kasance. Wa za ta nema in ba Boakye ba? Ya kai buƙatarta ofis, sannan ya ɓace mata. Ranar Lahadi ta ritsa shi a gidan mahaifiyarsu, hannunsa cikin kwanon fufu.

"Yaya, ina maganarmu?"

Ya haɗiye lomar da ƙyar. "Sun ƙi. Wai mai ƙoda ɗaya cikin marasa lafiya ake lissafa shi."

"Kai fa, sun yi maka?"

"Mu ma'aikata dole a yi mana."

"To madalla. Ga ka da uku a ciki, biyu matattu, ɗaya tawa, kuma ni ce majinyaciya."

Kunya ta hana shi ƙarasa abincin. Washegari, maimakon ya sake ɓuya, ya je rumfarta da kansa ya ɗauke ta zuwa wurin shugabar ofishinsu, Madam Sarpomaa, mace mai tabarau wadda ba ta cika dariya ba.

"Ranki ya daɗe," in ji Afrakoma, "ƙodar da kuka ce babu, ga ta nan zaune kusa da ni. Kullum da safe tana zuwa muku aiki."

Madam ta dubi Boakye.

"Da gaske ne?"

"Ba don ita ba, da yanzu wani ne a kujerata. Kafin likitoci su yarda su taɓa ta sai da suka gwada komai nata. Duk gidanmu babu mai lafiyarta."

Madam ta ce dokar ba ita ta kafa ta ba, kuma ba za ta yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinta ba. Amma ta tura Afrakoma wurin likitan kamfani, ta ɗauki sakamakon da hannunta ta kai wa manyanta.

An sha jira, har tagwayen suka fara rarrafe. Daga baya aka yi mata inshorar kamar ta kowa, ba ƙarin ko kwabo, aka kuma ce daga yanzu duk wanda ya ba da ƙoda ya nemi inshora, likita ne zai yanke hukunci a kansa.

Boakye ya kai mata labarin a kasuwa yana washe baki. Ta saurara, ta ce ya yi kyau, sannan ta sa shi ya riƙe mata bakin atamfa ta yanka wa wata mai saye.