Motarmu Ja Ce

Ranar da masu sayen ƙarafa suka ja tsohuwar motarmu, kuka na yi, ban ɓoye ba. A kujerarta ta baya na karance littattafan soyayya ba iyaka, a nan na fara mafarkin Namwan, yarinyar da ke sayar da furanni da mahaifiyarta a bakin kasuwar Ratchaburi. Motar ja ce, launin sa'ar duk haihuwar Lahadi irin Baba, a al'adar ƙasarmu. Sai ga shi ya dawo mana da sabuwa fil, shuɗiya shar, launin da ake cewa yana jawo wa haihuwar Lahadi tsautsayi.

Kaka Bunruen ta dafe ƙirji. "Haihuwar Lahadi da wannan launin? Wichai, ƙarar da mu za ka yi?"

"Mama, ita kaɗai ta rage a shagon."

"Dole ta rage mana, masu hankali sun riga ka zuwa."

Aka yi maganin da kowa ya sani. Aka manna takarda a gilashin baya: WANNAN MOTAR JA CE, don in tsautsayi ya zo ya karanta ya wuce abinsa. Kaka ta ƙara da tata dokar: duk wanda ya ambaci ainihin launin da bakinsa, sauka za ta yi, ko a tsakiyar gada ne.

Ranar Asabar muka shirya fitar farko, zuwa bakin teku a Cha-am. Ni aka ba tuƙi. Abin da ya fi teku a wurina shi ne Namwan ta yarda ta bi mu, bayan na sha "sai wani jiƙon" har na gaji. Ta ce mu ɗauke ta a ƙofar kasuwa.

Muka tarar da wurin ya cika maƙil, babura da masu tura kaya, ga ɗan sanda yana kora duk mai neman tsayawa. Na kira ta, muryarta ta cika motar ta lasifika.

"Pitak, kana ina? Wace irin mota ce?"

Na kalli madubi. Kaka ta kafa mini ido.

"Ja ce," na ce, zuciyata tana narkewa.

Muka zagaya kasuwar. Muka sake zagayawa.

"Na leƙa jajayen motoci har uku," in ji Namwan. "A ta ƙarshe wani tsoho ya ce in shigo. In wasa kake da ni, gaya mini in koma rumfa."

Baba ya duba agogo. "Zagaye ɗaya ya rage maka, malam mai soyayya. Ƙaguwar da za mu ci a Cha-am ba ta jiran kowa."

In na faɗi gaskiya, tsohuwa ta sauka a titi. In na yi shiru, Namwan ta tafi, ni kuwa na san ba zan ƙara dariya a duniya ba. Hawaye ya ciko mini.

"Kai, dubi hanya!" Kaka ta daka mini duka a ƙeya. Ta miƙo wuya wajen lasifika. "Ke 'yar nan, kina jina? Ja ce. Amma irin jan da sama take yi da tsakar rana in babu hadari."

Sai Namwan ta fashe da dariya.

"Na gane, Kaka! Ga ku can!"

Ta ratso babura a guje, ta faɗo ciki kafin ɗan sandan ya busa usur. Ta haɗa tafin hannuwanta ta sunkuya wa Kaka.

"Kaka, ban taɓa ganin ja mai kyan wannan ba."

"Ga 'yar da aka yi wa tarbiyya," in ji Kaka. "Matso nan kusa da ni. Wancan sakaran ya ji da tuƙinsa."

Har Cha-am a madubi kawai na gan ta, tana ɓare wa Kaka lemo.