Sakata ta Waje

Babban ɗan tsohon direba ba shi da mutunci, kuma ba wata kwana-kwana a maganar. Tun da likitoci suka cire wa uban mafitsara, suka huda gefen cikinsa suka manna masa jakar roba da fitsari ke tsiyaya a ciki, ɗan ya mayar da shi ɗakin baya, inda ake jibge tsofaffin tayoyi. Ya sa wa ƙofar sakata ta waje. In baƙi sun zo, sai ya zura ta.

Ran nan abokan aikin ɗan ne suka zo cin abincin rana. Tsohon yana zaune a bakin katifa, yana jin ƙarar cokula da shewa, jakar kuwa sai nauyi take yi. Fitsarin nan ba ya neman izini, zuba kawai yake. Banɗaki yana can ƙetaren falo. Bokitin da yake juyewa a ciki, surukarsa ta ɗauke tun safe ba ta dawo da shi ba.

Ya tallafe jakar da hannu biyu. Ya ji gam ɗin da ke riƙe da ita ya fara ɗagowa daga fatarsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsayar da mota duk inda fasinja ya matsu, yau shi ne ya rasa mai tsaya masa.

Ya ƙwanƙwasa a hankali. Shiru. Ya buga da ƙarfi, yana tari.

"Wa ke can?" in ji shugaban ofishin, wani dattijo mai furfura.

"Iska ce, ranka ya daɗe," ɗan ya ce.

"Iskar gidanka har tari take yi?"

Dattijon ya tashi da kansa ya zare sakatar. Ga tsoho a tsaye, wando sharkaf, yana rungume da cikinsa.

"Sannu, Baba." Ya waiwayo wajen ɗan. "Kai, ba ka ce mana yana wajen ƙanwarka ba?"

"Ku ba ni hanya, 'ya'yana," tsohon ya ce. "Ku ci abincinku."

Ya ratsa falon yana ɗiga a kan darduma. Ba wanda ya ƙara taɓa cokali.

Kafin magariba ƙanwar ta zo ta tafi da mahaifinta. Ɗan yakan je gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wa kake nema?"

Har ya koma ga Allah bai sake kiran sunansa ba.