Hannun Wa Za Shi Ja Birki

Motar Baba, Pijo, ta girme ni, kuma tun ina da wayo ni ka shiga ƙarƙashinta. Ita ka kai 'yan kasuwa Takanamat daga tashar Tawa, ita ka ciyar da gidanmu. Da idanun Baba sunka fara rauni, kowa ya san za shi bar tuƙi. Ni dai ban taɓa tambaya wa za a ba motar ba. In ba ni ba, wa?

Sai ga ƙanena Alƙasum ya dawo daga Abijan da takalmi mai tsini da Faransanci cike da baki. Mutumin da bai san inda aka zuba ma mota ruwa ba.

Baba na da ƙa'idarshi wajen gyaran birkin hannu. Mutum guda shi kwanta ƙasa shina ɗaure wayar, mai tuƙin motar shi zauna ciki shina ja, har ta zo daidai da ƙarfin hannunshi. Ba a ɗaura ta da hannun wani. Shekara da shekaru ni ƙasa, Baba sama.

Ran nan da hantsi ya ce in shimfiɗa buhu, birkin ya saki. Na shige da sufanata, ina jiran in ji nauyin Baba bisa kujera. Sai na ji ya ce, "Alƙasum, hau ka ja."

Wallahi zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Ina kwance ina kallon wannan takalmin shina hawa motar da na ƙare ƙuruciyata cikin baƙin manta. Na ji kishinshi har cikin haƙorana.

"Yaya, ya yi?" in ji shi daga sama, shina ta ja ƙaras-ƙaras kamar mai yaƙi da ƙofa.

"Saura," na ce. Na yi ta murɗa ƙusar ɗaurin wayar, na wuce inda ya kamata, na ƙara. Nufina shi ja shi kasa, Baba shi gani da sauran idon da ya rage mai.

Baba bai gani ba, ji ya yi. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙo kusa da kunnena.

"Illa, in ka bar ta haka ƙafafun baya za su yi zafi kamin su kai Affala. Da mutane za shi tafi. Sassauta."

"Baba, ni mi na yi maka?"

Ya dafa ƙafata.

"Tuƙi kowa na iya koya. Amma in kai na sa sama, wa zan yarda shi kwanta nan?"

Yabona ya yi, na sani, kuma ya fi zagi ciwo. Na sassauta wayar a hankali har ta zo daidai hannun Alƙasum. Ya ja, ta kama, ya yi dariya ya danna oda. Ni kuwa na daɗe kwance bisa buhun, don kada su ga fuskata.