Shafuka Takwas na Holmat-aka

Holmat-aka, wato Yaya Holmat a bakin mutanen ƙasarsu, ya matse a kujerar baya ta ƙaramar bas mai zuwa garin Rishton, buhun albasar wata mata a kan ƙafarsa, yana ta dafa wayar ofis da ke aljihun ƙirjinsa kamar mai ciwon zuciya. Ba a saba ganinsa a hanya ranar Talata ba. Shekara ashirin da shida ke nan yana zaune a tebur ɗaya a birnin Kokand, yana jera jadawalin talabijin na wata mujallar mako: tasha kaza, ƙarfe kaza, shiri kaza. Shafi takwas ne a tsakiyar mujallar, ba hoto, ba ko sunansa.

Da safen nan Sitora ta kira shi ofishinta. 'Yar marigayi mai mujallar ce, ta gaji kujerar ubanta amma ba ta gaji kawaicinsa ba.

"Holmat-aka, kai fa uba ne a wurina," ta fara. Da jin haka ya san wuƙa ce ke tafe. "Amma tsakani da Allah, wa ke neman lokacin fim a takarda yanzu? Kakata ma a waya take kallo. Wata mai zuwa zan cire shafukan nan."

"Akwai masu karantawa, 'yata."

"To nuna mini ɗaya. Ɗaya tak, mai numfashi. Ɗauko min shi a bidiyo kafin a tashi aiki."

Saura shekara biyu ya kai ga fansho, kuma ya san in shafukan suka tafi, da shi za su tafi. Amma bai karaya ba. Akwai wata Mastura a Rishton da ke karɓar kwafi ɗari biyu duk Alhamis, shekara tara cur. Bai taɓa ganinta ba, amma ya daɗe da zana ta a ransa: tsohuwar malamar makaranta mai raba wa dattijan unguwa mujalla gida-gida. Har tabarau ya sa mata.

Adireshin bai kai shi kowace unguwa ba, tsakiyar kasuwa ya dire shi. Wani mai sayar da tangaran ya nuna masa wata ƙatuwar mace mai haƙoran zinare, zaune a bayan tulin gyaɗa da zabibi. Kafin ya gama sallama ta fizgi takarda, ta murɗa ta ta zama mazurari, ta cika da gyaɗa ta miƙa wa mai saye. Holmat-aka ya bi takardar da ido. Jadawalinsa ne na Larabar makon jiya, daga ƙarfe shida zuwa labaran tara.

Da ƙyar ya iya faɗin ko shi wane ne.

"Kai ne mai shafukan tsakiya?" Mastura ta tafa hannu. "Ikon Allah! Zauna, aka, zauna. Ke Dilbar, bar kokwambar nan ki zo ki ga mutumin da muke ci albarkacinsa!"

Nan take aka kawo masa shayi da burodi mai zafi. Matan layin suka kewaye shi kamar ango. Ashe su talatin ne ke raba kwafin a tsakaninsu.

"Sauran shafukan ai wahala ce," in ji Mastura. "Na gaba, fuskar manya. Ka naɗe gyaɗa a fuskar gwamna, gobe a tsince ta a kwata, wa zai amsa tambaya? Ni? Na baya kuma ta'aziyya ce, sunayen mamata da addu'o'i. Wa zai yarda a tattake wannan? Amma naka, aka, fes yake. Ba fuska, ba addu'a, ba abin da ya dami kowa. Wallahi babu komai a ciki!"

Yabo take yi, har zuciyarta. Holmat-aka ya sauke kofin daga bakinsa. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifinsa.

"Wato ko duba rubutun ba kya yi, opa?" ya tambaya, yana kiranta yaya yadda ake girmama mace a can.

"Ni? Layi-layi nake bi!" Ta zaro almakashi daga ƙarƙashin tebur ta kaɗa masa. "Shirye-shiryen wa'azin nan fa? Wasu da sunan Allah a jiki, kuma ba sa zama wuri ɗaya, yau Juma'a da safe, gobe Lahadi da yamma. Duk Alhamis sai na bi shafi takwas ɗin nan kaf na gano inda suka ɓuya, sannan mu zauna mu yanke su. Kai, watan jiya ma ka sa fim ɗaya sau biyu a tasha guda, ranar Asabar. Na ce da Dilbar, bawan Allahn nan ya gaji."

Gaskiya ta faɗa. Mako guda ya yi yana jiran wani ya buga waya ya yi ƙorafi a kan kuskuren nan. Ko a ofis ba wanda ya lura.

"Kin kalli fim ɗin?"

"A ina? Talabijin ɗinmu ya mutu tun bikin autana. A waya nake kallo, kamar kowa."

Ya ajiye kofin shayin. Sannan ya fito da wayar ofis, ya gaya mata abin da ke tafe da shi, bai ɓoye komai ba. Mastura ta gyara ɗankwali, ta tura mazuraran gefe inda ba za su fito a hoto ba.

"Ni ce Mastura daga Rishton," ta ce wa wayar, fuska a murtuke. "Shekara tara ban tsallake fitowa ɗaya ba. Shafukan tsakiya nake karantawa, layi-layi. Ranar da kuka cire su, ku riƙe kwafinku ɗari biyu."

Ko kalma ɗaya ba ta yi ƙarya ba. Ya tura. Shayin bai gama hucewa ba amsar Sitora ta shigo: "Ka yafe mini, Holmat-aka. Ban san ana ƙaunar aikinka haka ba. Shafukan suna nan."

Ya karanta sau biyu, ya mayar da wayar aljihu. Ya laluba farin ciki a ransa, ya samu ɗan kaɗan.

"Tunda Allah ya kawo ka, aka, wata alfarma," in ji Mastura. "Idona ya fara gajiya. Shirye-shiryen wa'azin nan, ba za ka tara mana su wuri guda ba? Mu yanke sau ɗaya mu huta."

Jadawali da lokaci yake tafiya, ƙarfe bakwai ba ta riga ƙarfe shida. Da wani ne a ofis ya kawo wannan shawara, da ya sha faɗa har ya gode Allah. Amma tunda Holmat-aka ya fara aikin nan, babu mai karatun da ya taɓa roƙonsa komai.

Ya zaro fensir daga aljihu, ya jawo shafi ɗaya daga tulin da ke gabanta, ya shimfiɗa a gwiwarsa.

"Wace kusurwa ta fi miki sauƙin yankewa, opa?"